Yadda za ki haɗa wa yara yatsun dodo da gizo-gizo da kayan lambu

Uwargida in dai yaranki irin masu tsince karas ne su tura gefen faranti, toh ki gwada wannan ranar Asabar da babu boko. Asalin dabarar ta turawa ce, a Amurka lokacin bikin Halloween ranar 31 ga Oktoba suke fafe kabewa su yi mata ido da baki, mu dai ba bikin ne a gabanmu ba, dodo kuwa yaranmu sun san shi tun a tatsuniya.

Ki tanadi karas sirara, kokwamba, tumatir mai tauri, koren tattasai, dafaffen ƙwai, soyayyar gyaɗa, bama kaɗan da garin ƙuli-ƙuli. Ki fara wanke kayan lambun tas da ruwan gishiri ki ɗauraye tunda yawancinsu ɗanye za a ci, yaran ma kowa ya wanke hannu da sabulu. Wuƙa kuma hannunki kawai, nasu aikin jerawa ne da liƙawa.

Ki fara da yatsun dodo don su ne suka fi burge yara. Kankare karas ɗin ki yanka tsawon yatsanki, ki jefa a tafasasshen ruwa kamar minti 3 ya ɗan risina, kar ki bari ya yi luguf sai ya karye a hannunsu. In ya huce ki tsaga shi sama-sama sau uku a tsakiya kamar layin gaɓar yatsa, ki ɗan fere bakin a karkace, sai yaro ya ɗiga bama a wajen ya manna ɓarin gyaɗa, farce ya fito kenan. Wallahi in kika samu karas mai ɗan lanƙwasa ke kanki sai kin sake kallo. Amma in akwai ɗan ƙasa da shekara 5 kar a sa masa gyaɗa guda tana iya shaƙe shi, ki yanka masa ɗan koren tattasai a madadinta.

Gizo-gizo ba wuya, raba tumatir biyu ki kife, ki yanka tattasai siri-siri su jera ƙafafu, huɗu nan huɗu can, ki bar su su ƙirga da kansu har takwas.

Ido kuma ki yanka kokwamba zagaye, ki ɗora yankan ƙwai mai ƙwaiduwa a tsakiya, a ɗiga ɗan tumatir a kai. Guda biyu a faranti, a jera yatsun a ƙasa, a barbaɗa ƙuli-ƙuli a zagaye a ce ƙasar kogon dodo ce.

Don Allah kar ki tsaya gyara musu in ido ɗaya ya fi ɗaya girma ko ƙafar gizo ta karkace, abin da yaro ya haɗa da hannunsa shi yake saurin kai wa baki. Wanda kika san yana firgita da dare kuma ki bar shi ya yi wa nasa dodon bakin dariya. A ci a take, kokwamba in ta jima a yanke ruwa take saki.