Yadda Ake Sauya List Zuwa Set ko Map a Haskell Ba Tare da Asarar Bayanai Ba

A Haskell, wani yaren rubuta manhajar kwamfuta, mafi yawan sauyi daga wani nau'in tarin bayanai zuwa wani yana ratsawa ne ta List (jeri na yau da kullum), domin Set (tari marar maimaici) da Map (tarin mabuɗai da ƙimominsu) da Seq (wani nau'in jeri), waɗanda ke cikin kunshin da ake kira containers, kowannensu yana da `fromList` da ake shiga da shi, sannan a fita da `toList`. Da farko a shigo da su da laƙabi, kamar `import qualified Data.Map as Map`, saboda sunayen ayyukansu suna cin karo da na Prelude, wato tarin ayyukan da Haskell ke shigowa da su kai-tsaye.

Kafin a sauya, ya kamata mutum ya tantance abin da sabon mazubin ba zai riƙe ba. Set ba ya ajiye maimaici, kuma ba ya kiyaye tsarin da abubuwa suka zo da shi: idan aka zuba `[3,1,3,2]` aka sake fitar da shi, `[1,2,3]` za a samu. Wajibi ne kuma nau'in abubuwan ya kasance yana da `Ord`, wato ana iya gane babba da ƙarami a cikinsu, tun da tsari ne mai rassa kamar bishiya ake ginawa ta hanyar kwatanta su.

A wajen Map ne aka fi yin tuntuɓe. Idan mabuɗi ɗaya ya zo sau biyu, kamar a `[("a",1),("b",2),("a",5)]`, to `Map.fromList` zai riƙe 5 ya watsar da 1, ba kuma zai yi gargaɗi ba. Wanda ke son a haɗa ƙimomin sai ya yi amfani da `Map.fromListWith (+)`, ya samu 6. Akwai wani ƙaramin tarko a nan: sabuwar ƙima ce ke zuwa a hagu, don haka idan aka haɗa "x" da "y" da `(++)`, mai manna rubutu biyu, "yx" ne zai fito. A ganina, duk inda ba a da tabbacin cewa mabuɗan ba sa maimaituwa, `fromListWith` ya fi dacewa.

Seq yana kiyaye tsari da maimaici, amma `toList` ɗinsa daga Data.Foldable ake ɗauko shi.

Idan jerin ya riga ya tsaru daga ƙarami zuwa babba babu maimaici, `fromDistinctAscList` na Set da Map ya fi `fromList` sauri, sai dai ba ya bincikar wannan sharaɗi, kuma jerin da ya saɓa masa zai haifar da gurɓataccen tari. Jeri marar iyaka irin `[1..]` kuwa, sai an yanke shi da `take` tukuna, in ba haka ba ginin Set ba zai taɓa ƙarewa ba.