In likita ya rubuta wa yaronki gwajin EEG, ga yadda za ki shirya shi

Ranar da aka rubuta wa ɗan yayata gwajin EEG, wato gwajin da ake duba aikin ƙwaƙwalwa da shi in ana zargin farfaɗiya, kwana uwarsa ta yi tana kuka, wai an ce mata wayoyi za a jona masa a kai, ita duk a zatonta shokin za a yi masa. To bari in fara daga nan tunda na san da yawa haka suka ɗauka. Na'urar nan ba ta sa wa kowa wuta a jiki, saurare kawai take yi. Ƙwaƙwalwa ita da kanta tana da nata lantarkin ɗan mitsitsi, shi ne 'yan ƙarafunan da ake mannawa a fatar kai suke ɗaukowa, kwamfuta ta zana shi layi-layi kamar igiyar ruwa. Kuma abin ya daɗe, wani likita Bajamushe mai suna Hans Berger ne ya fara ɗaukar na ɗan Adam tun 1924 a garin Jena, sai a 1929 ya fitar wa duniya. In mutum ya rufe ido ya natsu igiyar tana kaɗawa sau 8 zuwa 13 a sakan ɗaya, in barci ya yi nauyi sai ta ja jiki ta koma ƙasa da 4, ita kuma farfaɗiya sau da yawa takan bar wasu tsinaye masu kaifi a tsakanin layukan, su ne likita yake farauta.

Shirin yana farawa tun kafin ranar, kuma da wayarki. Duk lokacin da farfaɗiyar ta motsa wa yaro, bayan kin kwantar da shi ta gefe kin janye wuta da duk abin da zai ji masa ciwo, wani ya ɗauki bidiyo, fuska da hannuwa da ƙafafu duka su fito, a duba agogo a ga minti nawa ya yi. Wallahi wani lokacin bidiyon nan na sakan 40 ya fi takardar gwajin amfani a wajen likita. Dan Allah kuma a daina tura cokali a baki ko ɗura ruwa ko manja, ba ya haɗiye harshensa, haƙori kawai ake karyawa ko a shaƙe shi. In ya wuce minti 5 bai saki ba asibiti kai tsaye.

Sai kai. Nan ne mu mata muka fi samun matsala. In mace ce a tsefe kitso gaba ɗaya tun ana gobe gwajin, a wanke da sabulu ko shamfu a bar shi ya bushe, kar a shafa komai, ba man kaɗanya ba basilin ba man kitso, ko da kuwa kin ga kan ya yi furu-furu ki daure. Maiƙo yana hana ƙarafunan kama fata, sai layukan su fito da datti a ce ku dawo wani satin, ga kuɗin mota ga wahala. Ƙarafunan kusan 20 ne kuma sai an auna kai da tef an ɗiɗɗiga alama kafin a manna kowanne a gurbinsa, kin ga kitso zai hana.

A ba shi abinci ya ci kamar kullum, yunwa tana sauke sukarin jini ta canza layukan. Amma ban da shayi da kofi da lemon kwalba baƙi. Maganin farfaɗiya in yana sha ya ci gaba da sha a kan lokacinsa sai in likita ne da bakinsa ya ce a tsaya, kar ki yi dabarar cewa bari in hana shi don ciwon ya fito fili a gwaji, mutane na yin haka kuma haɗari ne babba. Ki tafi da kwalayen magungunan duka.

Wani lokacin za a ce a rage masa barci, ya kwanta can dare ya tashi da asuba, saboda gyangyaɗi da farkon barci su ne suka fi tono abin da ke ɓoye. Aikin yana hanya, yaro na shiga mota ko adaidaita zai fara lumshe ido, in ya yi barcin minti 20 a nan shikenan an yi asarar daren, to ki tafi da wanda zai riƙa jansa da surutu har ku isa.

Yaro mai galahanga, wato autism, kuwa shirinsa daban ne, yawancinsu ba sa son a taɓa musu kai ko aski faɗa ne balle baƙo ya zo da abu mai sanyi yana mannawa. Kwana biyar ko sati kafin ranar ki fara wasan a gida, ki manna masa 'yan filasta ko sitika a kai ɗaya biyu ki cire, gobe ki ƙara, ki yi wa kanki ya gani. Ki tafi da abin da ya fi so, zanen da yake riƙewa ne ko katun ɗinsa a waya, kuma tun wajen karɓar rana ki gaya wa ma'aikatan halinsa don su ba ku lokaci mai tsawo. Kar ki ba shi maganin barci daga kemis da kanki, irin su diazepam suna canza igiyoyin su rufe abin da ake nema, in akwai buƙata su za su ba shi wanda ya dace.

A ciki ɗaukar kanta minti 20 zuwa 40 ce. Za a ce ya rufe ido ya buɗe, za a haska masa fitila mai walƙiya, sannan a sa shi ya yi ta hura iska da ƙarfi wajen minti 3. Wannan hurawar tana tada wata irin farfaɗiya da ba faɗuwa a cikinta, yaro ya ƙura ido kawai na 'yan sakanni ya dawo kamar ba a yi ba, a makaranta a yi ta cewa ba ya maida hankali, a kwamfuta kuwa tana fitowa ɓaro-ɓaro tsini da igiya sau 3 a sakan. Amma ki ji da kyau, in yaronki sikila ne ko yana da asma ko ciwon zuciya ki faɗa tun kafin a fara, mai sikila ba a sa shi wannan hurawar, kuma kin san yadda sikila take da yawa a wajenmu.

Sakamako in ya fito lafiya kalau ba ya nufin babu farfaɗiya, gwajin farko kusan rabin masu ita kawai yake kamawa shi ya sa ake maimaitawa ko a yi na barci. Haka kuma akwai yaran da za a ga tsinayen a kansu ba su taɓa faɗuwa ba, musamman masu galahanga, likita ne zai haɗa da labari da bidiyo ya yanke. Galahanga ita kanta ba da EEG ake gano ta a asibiti ba, da kallon halayya da girman yaro ake ganowa. Gaskiya ne ana bincike, a 2018 William Bosl da Charles Nelson a Boston ta Amurka sun fitar da aikin da suka yi a kan jarirai 188, suka sa kwamfuta ta lissafa sarƙaƙiyar igiyoyin tun daga wata 3, ta yi hasashen waɗanda za a samu da galahanga daga baya kuma ta dace sosai, amma abin yana hannun masu bincike tukuna, in wani ya ce miki kawo kuɗi zai gano da na'ura ki riƙe kuɗinki. Inda gwajin yake da muhimmanci shi ne in yaron yana ɗaukewa, tunda farfaɗiya ta fi yawa a cikinsu, ko kuma yaro ɗan shekara 3 zuwa 7 da yake magana tiryan-tiryan sai maganar ta fara gudu, wannan ki roƙa a yi masa na barci don akwai wata farfaɗiya da ake kira Landau-Kleffner mai cinye magana, a barci take bayyana.

In kun dawo gida ruwan ɗumi da sabulu zai fitar da abin da aka manna, sai ki shafa masa mansa. Takardar sakamakon ki ɗauki hotonta a waya kafin ki miƙa, ki rubuta kwanan wata da magungunan da yake sha a ranar, likita na gaba zai tambaya.