Kurakuran da muke yi wajen ciyar da tsuntsaye a hunturun Ingila

Duk shekara, da zarar an mayar da agogo baya a Lahadin ƙarshe ta Oktoba, sai in fara ganin abu ɗaya a gidajen mutanenmu da ba su daɗe da zuwa Ingila ba: faranti a bayan gida, an tula masa guntun burodi da ragowar shinkafa, wai sadaka ce ga tsuntsaye. Niyyar mai kyau ce, kuma daga gida muka zo da ita, domin babu wanda ya tashi a ƙasar Hausa bai ga tsohuwa tana watsa wa kurciyoyi tsaba bayan sussuka ba. Ga kuma hadisin da ya ce akwai lada a kyautata wa duk mai ɗanyar hanta. Sai dai tsakar gidanmu rana ke gasa ta kullum, nan kuwa a garin Lids da nake zaune wata guda yakan wuce ƙasa ba ta bushe ba, kuma a Disamba rana takan faɗi kafin ƙarfe 4 na yamma. Na gaji da maimaita magana ɗaya a gidajen suna da walima, shi ya sa na rubuta ta.

Babban kuskure shi ne ƙazantar mazubi, kuma ni ma na yi shi, har yau ina jin ɗacinsa. A hunturuna na biyu na sayi faffaɗan tire na katako, ina ƙara masa tsaba kowace safiya a kan ta jiya, ban taɓa tunanin wanke shi ba, tun da a ganina ruwan sama yana yi mini wannan aiki. Cikin masu zuwa ci akwai wasu korayen tsuntsaye dangin kanari, waɗanda 'yan ƙasar ke kira girinfinci, sukan zo su takwas ko tara. Wata safiya na ga ɗaya ya kumbura gashinsa ya lafe a gefen tiren, bakinsa jiƙe, yana ɗaukar tsaba yana tofarwa. Na ɗauka sanyi ne, sai na ƙara abinci. Kafin mako uku na tsinci gawa biyar a gindin shinge. Wata dattijuwa maƙwabciyata ce ta leƙo ta ce mini in ɗauke tiren nan take, ta kuma bayyana mini abin da nake yi ba da sanina ba.

Ashe cuta nake yaɗawa, sunanta tirikomonosis, kuma masu kiwon tantabaru a gida sun san irinta, ita ce mai sa wani abu rawaya kamar cuku ya toshe maƙogwaron tsuntsu har ya kasa haɗiya. Tsuntsun da ya kamu yana jin yunwa, sai ya ɗauki tsaba, ya kasa haɗiye ta, ya mayar da ita cikin tire da yawunsa, lafiyayye ya zo ya tsince. A 2005 aka fara ganinta a jikin ƙananan tsuntsayen Birtaniya, kuma kafin 2009 yawan girinfinci ya faɗo daga kimanin miliyan 4.3 zuwa miliyan 2.8. A 2021 aka sa shi a jan jerin tsuntsayen da ake tsoron ƙarewarsu a ƙasar. A farkon 2025 ita kanta ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB ta dakatar da sayar da faffaɗan mazubai saboda wannan dalili. To, ke da kike ajiye faranti wata uku ba wanki, kina cewa ai tsuntsu ba ya ƙyama, ki sani garin neman lada kina iya ɗaukar alhakin rayuka, kuma ba za ki ga yawancin gawarwakin ba, domin a cikin shinge suke mutuwa.

Ga yadda nake yi yanzu, kuma ban ce kowa ya yarda da ni ba. Na bar tire kwata-kwata. Ina da gorunan tsaba guda biyu, irin dogayen nan masu ƙananan ramuka, amma ɗaya kawai nake ratayewa a lokaci guda. Kowace Juma'a bayan sallar asuba nakan sauke wadda ke waje, in zubar da abin da ya rage a cikinta ko da rabi ne, in sa safar hannu in goge ta da buroshi a cikin bokiti na musamman da ruwan kashe ƙwayoyin cuta, a waje, ba a wurin wanke-wanken kicin ba. Sannan in bar ta ta bushe ƙarau har mako mai zuwa, domin ƙwayar cutar ba ta jure bushewa, a danshi take rayuwa. Wasu na cewa wankin wata-wata ya isa, ni ban yarda ba. Idan kuwa na ga tsuntsu ɗaya ya kumbura gashi yana kasala, to na rufe ciyarwa ke nan har mako huɗu, duk da cewa ganin su suna zuwa suna komawa yana sosa mini rai.

Kuskure na biyu da ya ci mini kuɗi da mutunci shi ne ragowar abinci. Mun taso da tsoron zubar da abinci, don haka ƙanzon tuwo, shinkafa da miya, guntun ƙosai, duk na riƙa watsa su a ciyawa da yamma. Ƙananan tsuntsaye sun riga sun kwanta a lokacin, waɗanda suka amsa gayyatar ɓeraye ne. Sun haƙa rami a ƙarƙashin ɗakin ajiyar maƙwabcina, maganar ta kai ga mai gidan da nake haya, na biya kuɗin masu kashe ɓera, kuma na shekara maƙwabcin nan bai amsa gaisuwata da sakin fuska ba. Ban da ɓera ma, abincinmu akwai gishiri da magi da mai, kuma jikin ɗan tsuntsu ba ya iya fitar da gishiri mai yawa. Man da ya rage a tukunyar suya ya fi komai haɗari, domin ba ya daskarewa sosai, yana shafar gashin tsuntsu ya ɓata masa rigar da ke tsare shi daga ruwa da sanyi. Ku dubi ɗan ƙaramin tsuntsun nan da yarana suka raɗa wa suna mai shuɗiyar hula: nauyinsa bai wuce giram 11 ba, kuma da wannan ɗan jiki zai ratsa daren da ya kai awa 16. Abin da yake bukata kitse ne mai tsabta, ni kuwa na saniya nake narkarwa in haɗa da 'ya'yan sanfulawa, tun da curin kitsen tsuntsaye da ake sayarwa ba kullum nake sanin kitsen da ke ciki ba. Da sassafe nake zubawa, daidai abin da za su cinye kafin magariba, in share abin da ya zube a ƙasa.

Gyaɗa kuma tana da nata hukuncin, kuma abin kunya ne a ce Bahaushe ne zai yi kuskure a kanta. Soyayyiya mai gishiri ba ta tsuntsu ba ce. Wadda ta yi fumfuna a ƙasan buhu, har kika ƙi ba yaranki, ita ma ba tasu ba ce, domin tana ɗauke da gubar afulatoksin, wadda a nan Ingila aka gano ta bayan da talotalo sama da 100,000 suka mutu a 1960 saboda garin gyaɗar da aka shigo da shi daga Burazil. A sayi ɗanya mai kyau, a zuba ta a mazubi mai ragar waya don su riƙa gutsura.

Burodi yana cika ciki ba tare da ya ba da ƙarfi ba. Madara ba ta narkewa a cikin tsuntsu. Busasshen garin kwakwa yana kumbura a cikinsa. Ragar leda da ake ƙunsa curin kitse a ciki tana harɗe ƙafa, a yanke ta a jefar. Gaurayen tsaba mai araha yawancinsa alkama ne, manyan kurciyoyi kawai zai tara miki, gara gero da baƙar tsabar nan da ake kira naija, wadda asalinta daga Habasha ne duk da sunan nata.

Mutane da yawa suna mantawa da ruwa, alhali ranar da komai ya daskare tsuntsu ya fi wahalar samunsa a kan abinci. Nakan fasa ƙanƙarar da ruwan ɗumi, in zubar, in ɗauraye kwanon, in sa sabo kowace rana. Kada a zuba gishiri don hana daskarewa. Wurin rataye mazubi ma akwai lura: kada ya manne da shingen da kyanwa za ta laɓe, kuma ko dai ya kasance daf da taga, ƙasa da mita ɗaya, ko ya yi nisa da ita sosai, domin tsakatsakin nan ne ke ba tsuntsun da shaho ya firgita damar tasowa da gudu ya daki gilashi.

Ladan wannan wahala duka a zaman taga yake, kuma nan ma akwai masu ɓata shi. Na san matan da suka ce za su koyi saƙa don rage tsawon dare, suka sayi zare mai tsada suka fara da rigar sanyi, kafin Janairu sun jefa ta a kwaba. Ni da hular jariri na fara, a kujerar da ke fuskantar mazubin, da shayi mai citta a gefe da ɗan littafin da nake rubuta tsuntsayen da suka zo. Abu ɗaya ne zan tsawata a kai: kada wanda kewar gida ta kama ya hura gawayi a kasko cikin ɗakin Ingila. Tagoginsu ba sa shigar da iska, kuma iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, a cikin barci take kashewa.

Littafin nan yana da ranarsa a ƙarshen Janairu, lokacin ƙidayar tsuntsayen lambu da RSPB take shiryawa tun 1979. Awa ɗaya ake zama ana kallo, kuma masu farawa sukan ƙirga kowace saukowa, sai tsuntsu ɗaya mai jan ƙirji da ya yi zirga-zirga sau goma ya zama goma a takarda. Adadi mafi yawa da aka gani a lokaci guda shi ake rubutawa ga kowane iri. A ƙidayar bara na rubuta girinfinci biyu, karo na farko da suka dawo bayan gidana tun shekarar tiren katako.