Tsohon taransifoma da jirgin DCC: kurakuran da ke ƙone muku dikoda

Sau uku ke nan cikin 'yan watannin nan ana turo mini hoton kan ƙaramin jirgin ƙasa na wasa da rufinsa ya narke, kuma tambayar ɗaya ce: "Malam, me ya faru? Bolt 16 fa aka rubuta a jikin taransifoman." Mu masu sha'awar ƙananan jiragen ƙasa ba mu da yawa a Arewa, kayanmu kuma kusan duk na gwanjo ne da aka kwaso daga Jamus ko Ingila ko Amurka. Akwatin yakan zo da layin dogo, da taragai, da wani taransifoma mai nauyi kamar dutsen niƙa. Sai mutum ya tara kuɗi ya sayi na'urar DCC, wato mai sarrafa jirage ta hanyar aika musu umarni ta cikin dogo, ya ce ai ga wuta a gida, me zai sa ya sayi wata.

A tsohon tsari, in ka murɗa maɓalli wuta ta ƙaru jirgi ya yi gudu, in ka mayar ta ɗauke. DCC ba haka yake ba. Wannan tsari, da ya samo asali daga kamfanin Lenz na Jamus kafin ƙungiyar NMRA ta Amurka ta mayar da shi ƙa'ida a farkon shekarun 1990, layinsa cike yake da wuta dare da rana. Umarni a cikin wutar yake tafiya, ɗan dikoda, wato ƙaramin allon lantarkin da ke cikin kan jirgi, ya karanta. Ke nan duk abin da ka zuba a layi, dikoda na shan sa ko jirgi na tsaye.

Babban kuskure shi ne gaskata lambar da ke jikin taransifoma. Bolt 16 ɗin nan na AC ne, wato wuta mai kai da komo irin ta bango, kuma an auna shi lokacin da taransifoman ke ɗauke da cikakken nauyi. Da zarar ya shiga na'urar DCC, dayod (mai barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai) ya miƙar da shi ya zama DC, kondensa (mai tara wuta) ta cika har ƙololuwa, sai ka ninka da 1.4: ya zama 22 da ɗoriya, a cire kusan ɗaya da rabi na dayod, saura 21. In babu nauyi a kansa, tsohon taransifoma yakan ba da 18 ko fiye, ka ga an doshi 24. Jirgi mai girman HO bolt 14 zuwa 15 yake so, mai girman N, wanda ya fi ƙanƙanta, kuwa 12. Wasu na'urori suna daidaita wutar kafin ta fita, amma su ma ragowar zafi take zama a cikinsu. Masu araha da yawa kuwa abin da suka karɓa shi suke miƙawa layi. Ƙari a kan haka, tsofaffin taransifomomin Turai don 220 aka naɗa su, wutar Najeriya a takarda 230 ce, da tsakar dare kuma in unguwa ta kashe kaya takan haura.

Ni wannan ya taɓa cinye mini dikoda biyu masu sauti a dare ɗaya. Wata shida na yi ina jiran wanda zai taho mini da su. Na saka, na ji kukan inji da usur, na bar jiragen a tsaye da fitilu a kunne na tafi sallar isha'i. Na dawo na tarar da ɗaki yana warin roba. Sai a lokacin na ɗauko mitar awon wuta, wadda tun farko tana cikin aljihun tebur, na ga abin da nake ɗura musu. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi, domin awon minti ɗaya ne da ya hana.

Tun daga ranar ba na ba na'urar DCC wuta sai daga adafta mai daidaitacciyar DC, irin ta cajar laftof. Mai bolt 15 ko 16 nake nema don HO; mai 19 ɗin da ta cika kasuwa ta yi yawa sai in na'urarka tana rage wuta da kanta. Wasu abokai sun fi son jera dayod a hanya su rage wutar tsohon taransifoma. Yana aiki, amma ni ba na yi. Kafin komai dai karanta takardar na'urarka: Lenz LZV100 an yi ta don ta karɓi AC, NCE Power Cab da Roco z21 kuwa DC suke ci, kowacce da adaftarta. Ka duba kuma wace waya ce mai (+) wace ce mai (−) kafin ka cusa filogi.

Yanzu ga wanda ya fi tayar mini da hankali, domin wannan ba maganar dukiya ba ce. Don Allah ku daina haɗa bakin AC na taransifoma biyu wuri ɗaya wai don wuta ta ƙaru! Taransifoma ta kowace fuska yana aiki. In ka haɗa biyu, ka zare filogin ɗaya daga bango, ɗayan zai tura masa bolt 16 ta baya, shi kuma ya mayar da ita 230 a kan ƙarafan filogin da ke yashe a ƙasa tsirara. A ɗakin da yara ke rarrafe! Na ga wanda ya yi haka, yana nuna mini da alfahari. Ban bar gidan ba sai da muka kwance wayoyin. In wuta ba ta isa ba, raba layinka gida biyu, ka yanke dogo duka biyun, kowane ɓangare da busta tasa, wato na'urar da ke ba dogo wutar DCC, da wutarsa.

Sauran ƙanana ne. Kada ka ciyar da na'urar daga bakin da ake murɗawa na tsohuwar kwantirola, wutarsa ba sumul take ba. Kada kwantirolar DC da DCC su taɓa haɗuwa a layi ɗaya, ko na ƙiftawar ido. Raba VA, wato ƙarfin da aka rubuta a jikin taransifoma, da bolt ka san amfa (yawan wuta) nawa gare ka: VA 32 a kan bolt 16 amfa 2 ne kacal, kawunan jirgi uku ko huɗu da taragai masu fitila sun cinye. Taransifoman Amurka irin Lionel ZW na 110 zuwa 120 ne, ka cusa shi a bangonmu ka gama da shi, ko da abin rage wuta ma zai fi zafi saboda don 60Hz aka yi shi, tamu 50 ce. Masu shuɗin taransifoman Märklin na da, ku sani bugun wutar da yake aikawa don jirgi ya juya alkibla bolt 24 ne a takarda, a wutar yanzu yana wuce haka nesa, kamfanin da kansa ya yi gargaɗi kada a sa wa jirgi mai dikoda. Tsofaffin kwararan fitila masu bolt 12 a canza su da LED kafin su narkar da rufi. Wayar bango da robarta ta fara marmashewa a kai wa mai gyaran rediyo. In janareta ne ke aiki, ni ba na kunna komai sai ta sitabilaiza.

Mita ta gama-gari ba ta karanta wutar layin DCC daidai, saboda tana juyawa sau dubbai a daƙiƙa. Ni nakan haɗa dayod huɗu masu sauri da 'yar kondensa, in auna DC, in ƙara bolt ɗaya da rabi. Bayan nan sai gwajin kwabo: ɗora tsabar kuɗi a kan dogo biyu a can ƙarshen layi. Na'ura ta katse nan take. In ta yi jinkiri, ko dai wayarka siririya ce ko wutarka ba ta da ƙarfin da zai sa ta katse, kuma abin kariyar tsohon taransifoma sai ya yi zafi yake motsi, kafin nan ƙafar jirgi ta narke.

Nawa tsohon taransifoman yana nan ƙarƙashin tebur, an sake masa waya an sa masa fis. Fitilun tasha yake kunnawa da injinan sauya layi, wayarsa ko ɗaya ba ta zuwa kusa da dogo.