Yadda ake tuƙa ƙaramin injin goshin jirgin fatsa mai kebur da ƙafa

Masu kamun kifi da fatsa a tafkunan Amurka injuna biyu suke ɗora wa jirgi. Babban na baya, mai shan fetur, aikinsa ya kai mutum inda kifi yake. Da an isa sai a kashe shi, a sauke ƙaramin da ke kwance a goshin jirgin, mai aiki da batir, wanda ba ya ƙarar da za ta kori kifi. A 1934 O.G. Schmidt ya ƙera irinsa a garin Fargo na jihar Dakota ta Arewa, kuma daga nan kamfanin Minn Kota ya samo asali. Yanzu akwai masu rimot da GPS, amma masu kutsawa tsakanin kututture da ciyawa har yau sun fi son mai kebur, irin su Fortrex na Minn Kota ko X5 na MotorGuide. Dalili kuwa, kebur ne na ƙarfe mai ja, ba wayar wuta ba, ya tashi daga fedar da ke ƙarƙashin ƙafarka ya shiga kan injin kai tsaye. Kana motsa ƙafa, yana juyawa, ba jira.

Fara da sauke shi. Jirgi ya tsaya cik tukuna. Ka kama igiyar da ke jikin mazauninsa ka ja, makullin zai saki, sai ka raka shi da hannu har ya shiga ruwa ka ji ƙas, alamar ya kulle. Kada ka sake shi ya faɗa da kansa, ƙarar ta isa ta watsa kifin da ka zo nema. Farfelar ta nutse kamar inci 12, wato santimita 30. Idan ka ji tana ɓulɓul tana haɗiyar iska, sassauta abin ɗaure sandar injin ka ƙara mata zurfi.

Sai fedar, kuma nan ne aikin yake. Duk wanda ya taɓa zama a kan keken ɗinki na ƙafa ya riga ya san rabin karatun. Ka danna gaba da yatsu, injin ya juya dama. Ka danna baya da dunduniya, ya juya hagu. Fedar na tsaka-tsaki, jirgi ya miƙe. A saman injin akwai kibiya mai nuna inda farfelar za ta ja ka, ita za ka riƙa kallo, ba ƙafarka ba. Kafin ka kunna wuta ma, tsaya ka yi ta danna gaba da baya kana kallon kibiyar har ƙafar ta gane nisan da kowace dannawa ke kai ta.

Wutar iri biyu ce. Akwai maɓallin da ke kan fedar daidai inda babban yatsa ke sauka: ka taka farfela ta juya, ka ɗaga ta tsaya. Akwai kuma makunni a gefe wanda ke barinta tana juyawa ba tsayawa. Gudu kuwa da wata 'yar taya ake ƙara shi a gefen fedar, ana mirgina ta da gefen takalmi. Mai koyo ya tsaya a kan maɓallin takawa da ƙaramin gudu. Tsarin kuma shi ne ka fara saita kibiya, sannan ka ba da wuta. Ranar farko da na hau, a jirgin wani maƙwabcina, na yi akasin haka: gudun yana ƙarshe, kibiyar tana kallon gefe, na taka. Jirgin ya zame daga ƙarƙashina, na zauna daɓas a kan akwatin ƙugiyoyi, shi kuwa yana ta dariya har da riƙe ciki.

Ka tuna cewa injin nan ja yake yi daga gaba, kamar jaki da amalanke. Goshi ne ke fara juyawa, baya ya biyo daga nesa yana shan kwana. Saboda haka kada ka jira jirgi ya kai inda kake so kafin ka dawo da fedar tsakiya, tun yana rabin hanya ka dawo da ita, ragowar zai ƙarasa da kansa. Sabon shiga yakan danna da yawa, ya gyara da yawa, jirgi ya yi ta tafiyar maciji.

Ba shi da giyar ribas, kuma ba shi da birki. Farfelar gaba kawai take turawa. In kana son tsayawa ko ja da baya, sai ka danna fedar har ƙarshe, kibiya ta waiwayo tana kallonka, ka ɗan taka maɓallin sau ɗaya ko biyu. Koyi wannan a fili, nesa da gada da jiragen mutane.

Idan akwai iska, juya goshi ya fuskance ta. A nan makunnin da ba ya tsayawa ke da amfani: ka sa gudu daidai ƙarfin iskar, jirgi ya tsaya wuri ɗaya kana jifa. A ganina ma wannan ɗan gunjin na bai ɗaya bai kai kunna-kashe tsorata kifi ba a ruwa marar zurfi. Sai dai in gudun ya yi yawa kada ka ɗauke ƙafa daga fedar, domin ƙarfin farfelar yana iya murɗa injin da kansa ya watsa jirgin gefe. Idan fedar ta cika laushi tana karkacewa ita kaɗai, ko ta yi wasa da yawa kafin kibiya ta motsa, akwai sukurun ɗaure kebur a jikinta. Ƙara masa kaɗan-kaɗan da sukudireba kana gwadawa, in ka matse shi sosai ƙafarka ce za ta gaji. Kebur ɗin kuma a bar shi ya kwanta a sake, kada a lanƙwasa shi ko a danne shi da murfin akwati.

Batir ɗaya na bolt 12 yana ɗaukar inji mai ƙarfin turi har fam 55. Mai fam 80 batir biyu yake so, mai fam 112 kuma uku. Ka caja su ranar da ka dawo, kada su kwana a sauke.

Kafin ka tayar da babban inji, kashe makunni, mayar da gudu sifili, ja igiyar ka kwantar da ƙaramin a mazauninsa har ya kulle. In ka manta shi a ruwa ka ba jirgi wuta, sandar ko mazaunin ne zai biya. A gida kuma, cire wayar batir tukuna, sannan ka kwance notin farfela ka zare ta. Zaren fatsa yana son naɗewa a bayanta, yana cin robar da ke hana ruwa shiga injin a hankali ba ka sani ba. Warware shi tas, ka duba ɗan ƙarfen da ke gicciye a jikin sandar farfelar bai lanƙwashe ba, sannan ka mayar da ita ka ɗaure notin.