Darasi na Bakwai: Sayen Gida a Jihar Kebbi, Daga Tayi Zuwa Karɓar Makulli

Yawancin mutane sau ɗaya suke sayen gida a rayuwarsu, da kuɗin da suka tara shekara da shekaru: na shinkafar fadama, na garatuti, na gado ko na adashi. Asarar da aka fi yi a wannan ciniki ba a wajen farashi take ba. Tana zuwa ne idan aka miƙa kuɗi kafin a yi bincike. Don haka tsarin wannan darasi shi ne: a fara da mai gida da takardunsa, a duba wurin, a duba ginin, kuɗi su zo a ƙarshe.

Wa ke da ikon sayarwa?

Dillali ba mai gida ba ne. Aikinsa ya haɗa ka da mai gida, ya karɓi la'adarsa. Ka nemi ganin mai gidan ido da ido, ka ga katin shaidarsa, ka gwada sunan da ke jiki da wanda ke kan takardar gida. Idan aka ce yana Legas ko Saudiyya, a kawo takardar wakilci da lauya ya rubuta, kuma ka yi magana da shi da kanka. Maganar la'ada ma a gama ta tun ranar farko: nawa ce, kuma wa zai biya.

Gidan gado ya fi kowane gida jawo shari'a. Babban wa yakan ce, “Ni ne babba, duk sun yarda.” Wannan magana ba hujja ba ce. Ka tambaya ko an raba gadon. In an raba, a nuna maka takardar kotu ko ta malamin da ya yi rabon, wadda ta nuna gidan ya faɗo a kason mai sayarwa. In ba a raba ba, kowane magaji sai ya sa hannu: maza da mata, matan mamaci, da 'yar da ke aure a Jega ko Yawuri wadda kowa ya manta da ita. Idan akwai maraya ƙarami, waliyyinsa zai tsaya masa, kuma ya fi aminci a bi ta kotu. Ka sani kuma, idan kason mutum ɗaya ka saya a gidan da ba a raba ba, sauran abokan tarayya suna da haƙƙin shuf'a, wato su mayar maka da kuɗinka su karɓi kason.

Ka tambaya ko gidan yana jingine. Wani ya karɓi kuɗin jingina a hannun mutum ya ba shi ɗakuna, wani kuma asalin takardarsa tana banki. Shi ya sa ba a ciniki da hoton takarda. Duk wanda ya ce asalin ta ɓata ko ta ƙone, dakata har ma'aikatar filaye ta tabbatar.

Takardun gida

Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana. Abin da mutum yake riƙe da shi izinin zama ne da amfani. A cikin birni, shaidar wannan izini ita ce takardar da ake kira C of O, wadda ta gidan zama yawanci wa'adinta shekara 99 ne. A karkara, ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar mallaka ta gargajiya. Gidaje da yawa a tsofaffin shiyoyin Birnin Kebbi, Argungu da Gwandu ba su da ko ɗaya, sai takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa ko hakimi. Irin wannan tana da amfani wajen shaida, amma banki ba ya ba da rance a kanta, kuma ba ta hana a sayar da gida ɗaya ga mutum biyu. Wanda ya sayi irin wannan gida ya fara neman C of O da sunansa ba tare da jinkiri ba.

In gidan yana da C of O, ka rubuta lambar fayil ka kai ma'aikatar filaye ko hukumar adana bayanan filaye ta jiha, KEBGIS, a Birnin Kebbi, kai ko lauyanka, a biya kuɗin bincike a karɓi rasit. Abin da ake so a gani: sunan wa ke cikin rajista, ko an jinginar wa banki, ko gwamnati ta soke izinin, da ko ana bin gidan bashin harajin fili. Bayan haka ka ɗauki safiyo ya auna. Fuloti da aka saba yankawa ƙafa 50 ne a ƙafa 100, kimanin mita 15 a mita 30. Safiyo zai nemo duwatsun awo na kusurwoyi ya gwada da taswirar da ke takarda. Sau da yawa a nan ake gane katanga ta ci hanya ko ta shiga filin maƙwabci. Ka kuma nemi takardar izinin gini daga hukumar raya birane, KUDA, domin ginin da aka yi a kan hanya ko magudanar ruwa ana iya rushe shi, kuma da wuya a biya diyya.

Wurin da gidan yake

Gini ana gyara shi, wuri ba a gyara shi. A jihar da Gulbin Rima da Kwara suka ratsa, tambaya ta farko ita ce ta ruwa. Gidan da ka gani a watan Maris tsaf da shi, a Agusta yana iya zama tafki. In da hali, je ka duba bayan an ɗauke ruwan sama mai ƙarfi. In da rani ne, nemi alamu: layin laka a jikin katanga, ƙasan ƙofar ƙarfe da ya ci tsatsa, dakalin da aka gina a bakin ƙofa don tare ruwa, da daɓen tsakar gida da ya yi ƙasa da titi. Wannan na ƙarshe babban aibi ne, domin duk lokacin da aka ƙara cikon hanya gidan ƙara nutsewa yake yi. Tambayi maƙwabta kai tsaye: “A ambaliyar 2020, ina ruwa ya tsaya a layin nan?” Tsofaffi da matan unguwa sun fi dillali sanin amsar. Ka zagaya bayan gida ma, ko akwai kwazazzabon da zaizaya ke matsowa da shi kowace damina.

Ka ɗaga kai ka dubi wayoyin lantarki. Ƙa'ida ta hana gini kusa da mita biyar da rabi daga layin 11kV ko 33kV (kV ma'aunin ƙarfin wutar da layi ke ɗauka ne), mita 15 daga na 132kV, da mita 25 daga babban layi na 330kV irin wanda ya taso daga Kainji zuwa Birnin Kebbi. A bakin titin gwamnatin tarayya kuma, kamar na Jega zuwa Yawuri, ƙafa 150 daga tsakiyar titi haƙƙin hanya ne.

Duba jikin gini

Kada ka je kai kaɗai, kuma kada ka je da dare. Tafi da birkilan da ka yarda da shi, wanda ba dillali ne ya kawo shi ba. In gidan bene ne, a nemi injiniya. Ku ɗauki tocila, tsani, ƙusa da bokiti.

Ku fara da bango. Siririyar tsaga kamar zare a kan filasta ba abin tsoro ba ce. Wadda ake gudu ita ce mai faɗin da kan makulli zai shiga, wadda ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko ta bi layin bulo hawa-hawa, kuma ana ganinta ciki da waje. Wannan alama ce harsashi yana nutsewa. Ya fi faruwa a ƙasar laka ta gefen fadama, wadda ke kumbura da damina ta tsattsage da rani, da kuma wurin da aka cike tsohon kududdufi ko juji aka yi gini a kai. Ƙofar da ba ta rufuwa daidai da daɓen da ya karkata duk shaidu ne na abu ɗaya. Toshe irin wannan tsaga da siminti ba ya magani, badi za ta sake buɗewa.

Sabon fenti a gidan da aka sa a kasuwa abin lura ne. Shafa hannunka a ƙasan bango, daga daɓe zuwa gwiwa. In ka ji sanyi, ko fenti ya kumbura, ko farin gishiri yana fitowa, danshi ne ke hawowa daga ƙasa saboda ba a yi shingen danshi a kan harsashi ba. Ƙwanƙwasa filasta: in ya yi ƙarar fanko, ya rabu da bango. Inda bulo yake a fili, karce shi da ƙusa. Bulon da yake zubowa kamar gari an tauye masa siminti.

A hau tsani a leƙa cikin silin. Tabon ruwan ƙasa a silin yoyo ne. Hasken rana ta jikin kwano huda ce. Soka ƙusa a katakon rufi: in ta shige da sauƙi, gara ta cinye cikinsa ta bar ɓawo. Duba ko an ɗaure katakon da ƙarfe a jikin linta, domin iskar farkon damina rufin da ba a ɗaure ba take fara kwarewa. A ginin ƙasa, a duba azara, da indararo, da gindin bango inda ruwa ke ci.

Zuba bokitin ruwa a makewayi da tsakar gida, ka bi shi ka ga inda ya fita. In ta gidan maƙwabci yake bi, a rubuta wannan cikin takardar ciniki, kada a toshe maka wata rana. Auna tsakanin rijiya da masai ko sokawe, har da na maƙwabta: ana so ya kai mita 30, in ya gaza 15 kada a sha ruwan. A ƙarshe, mai wayarin ya buɗe soket biyu ko uku ya ga kaurin waya, kai kuma ka ɗauki lambar mita ka je ofishin Kaduna Electric ka ji ko akwai bashi. Mai sayarwa ya biya kafin ciniki ya faɗa. Duk gyaran da aka gano, birkila ya yi masa kuɗi a takarda, da ita za ka nemi ragi.

In kuɗi ba su cika ba

Asusun gidaje na ƙasa, NHF, an kafa shi a 1992, kuma bankin rancen gidaje na tarayya, FMBN, shi ne ke riƙe da shi. Ana zuba kashi 2.5 cikin ɗari na albashi kowane wata. Ɗan kasuwa da mai sana'a ma suna iya yin rajista. Wanda ya zuba na wata shida a jere yana iya neman rance ta hannun bankin bayar da rancen gidaje, a kan ruwan kashi 6 a shekara, har zuwa shekara 30 gwargwadon shekarun aikin da suka rage masa. Ma'aikaci ya duba takardar albashinsa ya ga ko ana cire masa, kuma ya tabbatar kuɗin suna isa asusun da lambarsa.

Ga lissafi. Rancen naira miliyan 5 a kashi 6, na shekara 20, biyansa kusan naira 35,800 ne a wata, jimilla kusan miliyan 8.6. In aka ja shi zuwa shekara 30, biyan wata ya sauko kusan 30,000, amma jimilla ta hau kusan miliyan 10.8. Rancen nan dai a bankin kasuwanci mai ruwan kashi 25, na shekara 10, ya haura 113,000 a wata. Ba a yarda biyan wata ya wuce sulusin abin da mutum ke samu. Mai albashin 75,000 sulusinsa 25,000 ne, wato rancen da zai iya ɗauka na shekara 20 bai wuce kimanin miliyan uku da rabi ba. Mu dai shawararmu, kada ma a kai sulusin, domin ciwo da kuɗin makaranta ba sa jiran banki, kuma wanda ya kasa biya gidan ake sayarwa.

Kashi 6 ɗin nan ruwa ne, kuma da yawa daga cikinmu ba za su karɓa ba saboda addini. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da TAJ, suna bin wasu hanyoyi. A murabaha, banki ya sayi gidan ya sayar maka da riba sananna, ka biya kaɗan-kaɗan. A ijara, kana biyan haya har gidan ya zama naka. Ka nemi a rubuta maka jimillar abin da za ka biya da abin da zai faru in ka yi jinkiri, ka kai wa malaminka da lauya su karanta. Hanyar da aka fi bi a garuruwanmu kuwa ita ce a sayi fili mai takarda, a zagaye shi, a gina ɗaki biyu da makewayi a shiga, sauran a riƙa ƙarawa bayan kowace kaka.

Ranar biya

Idan za ka ba da kafin alƙalami, a rubuta adadinsa, da ranar cikawa, da sharaɗin za a mayar maka in bincike ya nuna matsala. Biya ta banki, zuwa asusun da ke ɗauke da sunan mai gidan, ba na dillali ko na ɗansa ba. Lauya ya rubuta takardar miƙa mallaka mai ɗauke da sunaye, farashi na gaskiya, iyakoki huɗu da lambar fayil, shaidun kowane ɓangare su sa hannu, a sanar da mai unguwa. Wanda bai iya karatun Turanci ba ya sa wani nasa ya fassara masa layi-layi kafin ya dangwala yatsa. Mace da ta sayi gida da kuɗinta, sunanta za a rubuta, ba na miji ko na yaya ba, domin ranar rabon gado takarda ake dubawa.

Ka riƙe kaso na ƙarshe sai an miƙa maka makulli da asalin takardu. In akwai ɗan haya, mai sayarwa ya sallame shi tukuna, don mai hayar shekara yawanci sai an ba shi sanarwar wata shida. Gida mai C of O kuma cinikinsa bai kammala a doka ba sai gwamna ya amince an yi rajista da sunanka. Kuɗin wannan rajista, da la'ada, da kuɗin lauya da safiyo da ƙananan gyare-gyare, ka ware musu aƙalla kashi goma cikin ɗari a kan farashin gidan.

Aikin yi

1. Wata malamar makaranta tana samun naira 90,000 a wata. Nawa ne sulusin albashinta? Za ta iya ɗaukar rancen miliyan 5 na shekara 20?
2. An sallama maka gida a naira miliyan 8. Nawa za ka ware don la'ada, takardu da gyara?
3. Ku rubuta takardar kafin alƙalami a allo, da sunayen ƙirƙira, ku sa mata sharaɗin mayar da kuɗi da gurbin sa hannun shaidu.