Yadda Ɗan Wasan Gaba Zai Riƙa Sauya Ƙungiya Ba Tare Da Ya Kashe Sana'arsa Ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon ƙwallon unguwa, wadda ake ce wa hawari, a Shara Mansur ta Makka ko a filayen Jidda bayan sallar la'asar, ya san cewa a cikin 'ya'yan Hausawan Saudiyya akwai masu cin ƙwallo da yawa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne sanin yadda ake tafiyar da sana'ar bayan an sa hannu a kwantiragin farko. Majid Abdullah ya yi wasansa gaba ɗaya a Al-Nasr, amma irinsa sun yi wuya a yau, kuma yawancin 'yan wasan gaba sai sun ratsa ƙungiyoyi da dama kafin su rataye takalmi. Saboda haka matashi yana bukatar ya koyi dabarar tashi daga wuri kamar yadda ya koyi dabarar bugun ƙwallo da ka.

Kafin komai, ka tabbatar da matsayinka a takarda. Mai takardar zama ɗan ƙasa hanyarsa daban ce, kuma sunan Hawsawi ba baƙo ba ne a ƙwallon ƙasar nan, tunda Usama Hawsawi ya taso daga Al-Wahda ta Makka har ya zama kyaftin ɗin Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018. Wanda aka haifa a nan amma yake riƙe da igama, wato takardar izinin zaman baƙo, kuwa, a ƙarƙashin tsarin mawalid ake yi masa rajista, kuma ƙa'idojin wannan tsari suna sauyawa daga kaka zuwa kaka. Kada ka dogara da labarin majalisa. Ka sa a karanta maka ƙa'idar kakar da ake ciki daga hukumar ƙwallon Saudiyya, ka kuma kula kada igamarka ko fasfonka su ƙare a daidai lokacin da aka buɗe kasuwar 'yan wasa, domin sau biyu kawai ake buɗe ta a shekara, wanda ta rufe da shi kuwa sai ya jira watanni.

Idan tayi ya zo, tambayar da ta fi albashi muhimmanci ita ce ko za ka riƙa buga wasa. Ɗan wasan gaba da ƙwallayen da ya ci ake yi masa kuɗi, kuma ba a cin ƙwallo daga benci. Firas Al-Buraikan ya taso a Al-Nasr a lokacin da Abdurrazak Hamdallah yake riƙe da gaba, mutumin da ya ci ƙwallo 34 a kakar 2018/2019, wanda babu kocin da zai ajiye shi domin yaro. A 2021 Firas ya koma Al-Fatah ta Al-Ahsa, ƙungiyar da ba ta kai Al-Nasr suna ba, ya samu fili, ya ci ƙwallo 17 a kakar 2022/2023, sannan Al-Ahli ta Jidda ta ɗauke shi da daraja. A ganina wannan ita ce hanyar da ta fi dacewa da matashi, ko da za ta kai shi ga sauka zuwa gasar Yelo, wato rukuni na biyu na ƙwallon Saudiyya, na kaka ɗaya. Kafin ka amsa tayi, ka ƙirga 'yan wasan gaba nawa ƙungiyar take da su, musamman baƙi daga waje, domin ƙungiyar da ta zuba miliyoyi a kan baƙo ba za ta zaunar da shi ba ko da ka fi shi zafi a wajen atisaye.

Sai kuma ka duba wanda zai riƙa ba ka ƙwallo, wannan kuwa abu ne da matasa suka fi mantawa da shi. Tarihin Odion Ighalo ya isa darasi. Ya bar Legas zuwa Lyn ta Norway a 2007, ya wuce Udinese ta Italiya, aka ba da aronsa ga Granada ta Sifaniya, amma sai da ya je Watford ta Ingila a 2014 ya haɗu da Troy Deeney, wanda yake tare masa masu tsaron baya yana sauke masa ƙwallo, sannan duniya ta san shi. Ya ci 20 a kakar da suka hau gasar Firimiya, ya ƙara 15 a kakar da ta biyo baya. A 2020 ya je aro Manchester United, ƙungiyar da yake ƙauna tun yana yaro, ya ci ƙwallo 5 a wasannin kofuna, amma bai ci ko ɗaya a gasar Firimiya ba, saboda mintuna kaɗan ake ba shi a ƙarshen wasa. Mutumin nan dai shi ne ya zo Saudiyya ya ci ƙwallo 24 a kakar 2021/2022 tsakanin Al-Shabab da Al-Hilal, ya fi kowa a gasar, daga baya kuma ya zo Al-Wahda a 2023. Ƙafarsa ba ta sauya ba a tsakanin waɗannan wurare, abin da ya sauya shi ne yawan mintuna da irin abokan wasa. Don haka ka nemi bidiyon wasanni uku ko huɗu na ƙungiyar da take nemanka, ka ga ko ta gefe take kawo ƙwallo sama ko ta ƙasa take ratsawa, ka auna da abin da ka fi iyawa. Dogon mutum mai ƙarfin kai zai yi ta yawo a banza a ƙungiyar da ba ta da masu kuros.

Game da kwantiragi, akwai ƙa'idojin FIFA da ya kamata ka haddace su kamar lambar wayarka. Kwantiragi ba ya wuce shekara 5, wanda bai kai shekara 18 ba kuwa nasa ba ya wuce 3, kuma in ban da wasu 'yan keɓantattun dalilai ba a yarda a kai yaro ƙasa da 18 wata ƙasa ba, saboda haka dillalin da ya ce zai kai ɗan shekara 16 Turai a bi maganarsa da taka-tsantsan. A kaka ɗaya ana iya yi maka rajista a ƙungiyoyi uku, amma biyu kawai za ka buga wa wasan gasa, wanda ya yi gaggawar tsalle sau biyu yana iya samun kansa yana kallo daga sama har kaka ta ƙare. Idan saura wata 6 kwantiraginka ya ƙare, kana da ikon sa hannu da wata ƙungiya. Idan kuma ƙungiya ta riƙe maka albashin wata biyu, ba a yin fushi a tattara kaya a tafi. Ana rubuta mata takarda, a ba ta wa'adin kwana 15 aƙalla, in ba ta biya ba sannan kake da hujjar soke kwantiragi. Wanda ya tafi ba tare da wannan takarda ba shi ake iya ci tara, har a dakatar da shi.

Kada ka sa hannu a kan abin da ba ka karanta ba, ko da Larabcinka ya fi Hausarka, domin harshen lauyoyi daban ne da na kasuwa. Duk alkawarin da aka yi maka da baki, na gida ko mota ko ladan kowace ƙwallo, a sa shi a rubuce, kuma ka karɓi kwafinka mai sa hannun ɓangarorin biyu. Wakilin da zai tsaya maka ya kasance mai lasisin FIFA. Yayanka ko kawunka suna iya raka ka, shawararsu kuma tana da amfani, amma zumunci ba ya maye gurbin lasisi idan rigima ta kai gaban kotun wasanni.

Lokacin tashi shi ne ya fi wuyar ganewa. An fi samun tayi mai kyau a ƙarshen kakar da ka yi zafi, amma idan ka ga an shafe watanni kana benci, aro ya fi zama. Ahmed Musa ya je Leicester a 2016 abin bai yi masa daɗi ba, sai ya koma CSKA Moscow aro a Janairun 2018, ya dawo da kuzarinsa, ya ci Iceland ƙwallo biyu a gasar duniya, daga nan Al-Nasr ta saye shi, ya kuma ɗauki kofin gasar Saudiyya da ita a kakarsa ta farko. Sai dai bayan ya rabu da Al-Nasr a Oktoban 2020 ya zauna babu ƙungiya har Afrilun 2021, lokacin da ya koma Kano Pillars domin ya ci gaba da taka leda. In har Musa, kyaftin ɗin Najeriya a lokacin, zai yi wata 6 yana jira, to matashin da bai yi suna ba kada ya amince da soke kwantiragi sai tayi na gaba yana hannunsa a rubuce, ya kuma tuna cewa sabuwar ƙungiya tana gwada lafiyarsa kafin ta sa hannu, don haka tsohon ciwon gwiwa ko na cinya gara a yi maganinsa tun yana ƙarƙashin kulawar likitan ƙungiyar da yake shirin bari.